Akwatin Tambayoyinku: Daga Opera Mini Har Zuwa Yaƙin Hitila

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru sosai wannan watan musamman daga Bauchi da Gombe, yawanci a kan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da tsofaffin kwamfutoci, sai kuma wani dattijo da ya ja mu can cikin tarihi, kuma gaskiya tambayarsa ta fi kowacce yi min daɗi. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, gari da sana'a kawai. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da yi wa yara rijistar jarrabawa a wajen Wunti nan Bauchi, kwamfuta biyu gare ni duk Windows 7 ne a kai, to yanzu Chrome ɗina kullum sai ta rubuto min wai ba za ta ƙara sabuntawa ba, kuma wasu shafukan sun fara ƙin buɗewa ko su buɗe a karkace, mai gyara ya ce sai dai in sayi sabuwa ni kuma wallahi ba hali. Mene ne mafita?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Chrome ɗinka ba ta lalace ba, barinta aka yi a baya. Microsoft sun daina kula da Windows 7 tun watan Janairun 2020, su kuma Google suka tsaya a Chrome ta 109 a farkon 2023, daga nan duk wanda ke kan Windows 7 ba ya ƙara samun sabuwa. Masu gina shafuka kuwa ba sa jiran kowa, da sababbin burauza suke gwada aikinsu, shi ya sa kake ganin shafi ya zo maka a karkace.

Amma maganar wai dole sai sabuwa ban yarda da ita ba. Abu na farko ka gwada Firefox, akwai wadda ake ce wa 115 ESR, ita ce ta ƙarshe da aka yi wa Windows 7 kuma ta fi waccan Chrome ɗin daɗewa ana toshe mata ɓaraka, za ta ɗan riƙe ka amma ba maganin dindindin ba ne. Maganin gaskiya shi ne ka raba wa kwamfutocin nan biyu aiki. Ɗaya ka bar ta a Windows 7 ɗinta, ka cire ta daga intanet kwata-kwata, ta zama ta taifin da CorelDraw da firinta kawai. Ɗayar kuma wadda kake shiga intanet da ita ka sa a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne, ba lasisi ba komai, kuma yana tafiya lafiya lau a kan injin da Windows ya riga ya yi wa nauyi, sannan sabuwar Chrome da sabuwar Firefox duk suna hawa kansa. In kana da ɗan canji ka cire tsohon had dis ɗin nan mai juyawa ka sa SSD, wato sabon ma'ajin da ba ya juyawa, ko da mai gig 128 ne, in RAM ɗin gig 2 ne ka kai shi 4, wallahi za ka ɗauka wata kwamfutar aka canza maka.

Kafin ka goge komai ka sa Linux ɗin a filashi ka kunna daga nan, ka gwada firintarka da sikana da na'urar ɗaukar yatsa in kana amfani da ita, don wasu na'urorin da wasu manhajojin rijista Windows kawai suka sani. Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa ka koma Windows 10 shikenan ka huta, shi ma wa'adinsa ya cika tun 14 ga Oktoban 2025. Abin da ya sa na dage, kai takardun mutane ne a hannunka, lambar NIN ɗinsu, hotunansu, sakamakon jarrabawarsu, wannan amana ce, bai kamata tana zaune a kan injin da ƙofarsa ke buɗe ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Kashere. Muna ta musu da ƙawata a hostel, ita ta ce Chrome ta fi kowacce burauza ni kuma na ce Opera Mini saboda ba ta shan data, wata kuma ta ce duk abu ɗaya ne suna ne kawai ya bambanta. Don Allah a raba mana gardama, kuma kai wacce kake amfani da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ku ukun kowacce ta riƙo wani ɓangare na gaskiya, amma ta ukun nan ta fi ku kusa da ita ko da ba ta sani ba.

Ke kina da gaskiya a kan data. Yadda Opera Mini ke aiki kamar ki aiki yaro kasuwa ne ya sayo ya gyara ya kawo miki a ƙulle, ba ke kika je ba. In kin buɗe shafi, buƙatarki tana fara zuwa wajen manyan kwamfutocin kamfanin Opera, su ɗauko shafin su matse hotunan su rage masa nauyi sannan su turo miki. Tun 2005 suka fito da ita, lokacin ƙananan wayoyi masu madannai, kuma ita ce ta fara shigar da mutanenmu da yawa intanet, wannan ba za a ƙwace mata ba. Amma matsewar nan tana da farashi, shafuka masu fom da biyan kuɗi irin fotal ɗin makaranta sukan rikice a kanta, kuma in kin sa ta a matsewa mai tsanani to abin da kike buɗewa ta hannun wani yake bi kafin ya iso gare ki. Don haka karanta labarai da ita ba laifi, amma rijistar kwas da harkar banki ki koma wata.

Yanzu maganar ƙawarku ta uku. Chrome da Edge da Brave da babbar Opera da Samsung Internet duk inji ɗaya ne a cikinsu, sunansa Chromium, kuma Google ne ke jan ragamarsa. Opera sun ajiye nasu injin sun koma can a 2013, Microsoft ma da girmansu suka bi sahu a 2020. Manyan da suka rage da injin kansu biyu ne, Safari ta Apple da kuma Firefox.

Kuma an taɓa shiga irin wannan halin, shi ya sa abin ke damuna. Wani Bature ɗan Ingila Tim Berners-Lee shi ya ƙirƙiro tsarin shafukan nan a cibiyar bincike ta CERN da ke Janiba, ya rubuta shawarar a 1989, ya yi burauza ta farko a 1990, kuma a 1993 cibiyar ta ce kowa ya ɗauka kyauta ba wanda zai biya ko kwabo. A 1994 Netscape ta fito ta mamaye ko'ina. Sai Microsoft suka ga za a bar su a tasha, suka fito da Internet Explorer a 1995 suka dinga cusa ta cikin Windows, duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a zaune, to wa zai wahalar da kansa neman wata? A haka Netscape ta durƙushe, har gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu a 1998. Da Internet Explorer ta ga fili ya zama nata ita kaɗai, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet, sai ta kwanta barci, bayan ta 6 da ta fito a 2001 sai da aka yi shekara 5 kafin a ga ta 7, ga ɓaraka ta ko'ina ɓarayi na shiga. Waɗanda suka zo kafe a farkon shekarun 2000 za su tuna yadda taga ke ta buɗe kanta da tallace-tallacen banza. Abin da ya tashe ta shi ne Firefox a 2004, wadda ta tsiro daga kufan Netscape don kafin su faɗi sun saki lambobin manhajarsu ga duniya, sai Chrome ta zo a 2008 ta ƙarasa aikin. A watan Yunin 2022 aka yi wa Internet Explorer ritaya.

To yau Chrome ce a kan kujerar, kuma dalili ɗaya ne da na wancan lokacin, kin sayi wayar Android kin tarar da ita a ciki. Ban ce ba ta da kyau ba, tana da sauri tana da tsaro, sai dai cin RAM. Amma ki tambayi kanki me ya sa take kyauta. Google da talla suke cin abinci, talla kuma tana son a san ke wace ce da abin da kike nema. A shari'ar da aka yi da su a Amurka ta fito fili cewa a 2022 kaɗai sun biya Apple kusan dala biliyan 20 don kawai binciken Google ya zama shi ne na farko a Safari, kuma a watan Agustan 2024 alƙali ya yanke cewa sun yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba.

Ni Firefox nake amfani da ita a waya da kwamfuta, da uBlock Origin a kai mai tare talla, wanda shi ma yana rage shan data sosai. Ita ma ba waliyyiya ba ce, mafi yawan kuɗin Mozilla masu yin ta daga Google ɗin yake fitowa. Amma ina so ta rayu, don ranar da inji ɗaya ya rage a duniya to mai injin shi zai dinga faɗa wa kowa yadda intanet za ta kasance.

TAMBAYA: Oga gaskiya ne in na buɗe Incognito ba wanda zai san abin da na shiga? Daga wani matashi a Pantami, Gombe.

AMSA: Ba gaskiya ba ne ɗan'uwa. Abin da wannan tagar sirri ta burauza take yi kawai, ba ta ajiye tarihin shafukan a cikin wayar, wato wanda ya ari wayarka ba zai gani ba. Amma kamfanin layinka da mai wayifai ɗin da ka hau suna iya sanin gidajen da ka ziyarta, shafin da ka shiga shi ma ya ga zuwanka, in kuma ka shiga da akawun ɗinka to ka riga ka faɗi sunanka da bakinka. Inda take da amfani sosai shi ne in ka je kafe ko ka ari kwamfutar wani za ka duba imel, ka buɗe ta, in ka gama ka rufe tagar gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon malamin firamare ne a Azare, na yi ritaya. Mahaifina yana cikin sojojin da aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, lokacin yaƙin Hitila. Jikana ya ce min wai wannan yaƙin ne ya haifi kwamfuta, ni kuma na ce ban taɓa jin mahaifina ya ambaci wani abu mai kama da haka ba. Ina gaskiyar take?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifinku da rahama. Jikanku bai yi kuskure ba, ku ma ba ku yi ba, don ko sojojin Ingila na lokacin ba su san da maganar ba, sirri ne da aka rufe shekaru kusan 30.

Ga yadda abin yake. Jamusawa suna aika saƙonnin yaƙi ta rediyo a cikin rubutun ɓoye, da wata na'ura mai suna Enigma da kuma wata da ta fi ta wuya mai suna Lorenz wadda manyan hafsoshi ke amfani da ita. Masana lissafi na ƙasar Folan su suka fara fasa Enigma tun 1932, da yaƙi ya matso suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka gano. Ingila ta tara masana a wani gida da ake kira Bletchley Park, cikinsu har da Alan Turing, suka ƙera injuna masu gwada dubban hanyoyi har a dace da mabuɗin saƙo. Saboda Lorenz ɗin nan ne wani injiniyan gidan waya Tommy Flowers ya haɗa Colossus, wadda ta fara aiki a farkon 1944, kuma ana lissafa ta cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya. Ba a fara maganarta a fili ba sai cikin shekarun 1970. A Amurka kuma sojoji ne suka ba da kwangilar ENIAC a jami'ar Pennsylvania don lissafin inda harsashin igwa zai faɗa, aka nuna ta ga jama'a a Fabrairun 1946 bayan yaƙi ya ƙare, nauyinta kusan tan 30, da ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo sama da 17,000, kuma mata 6 ne suka fara tsara mata aiki. Wayar da ke hannun jikanku yau ta ninka ta ƙarfi ba adadi.

Intanet ma daga tsoro ta fito. Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, suka kafa hukumar bincike ta soja mai suna ARPA a 1958, ita ce ta haɗa kwamfutocin jami'o'i a 1969, saƙon farko ya tashi daga Los Angeles zuwa Stanford.

Amma ni Baba ba na cewa yaƙi ya haife ta, na fi ganin ya gaggauta haihuwar ne da kuɗin da gwamnatoci suka zuba. Cikin ya daɗe. Charles Babbage ya zana injin lissafi tun shekarun 1830, Ada Lovelace ta rubuta yadda za a ba shi umarni a 1843. In aka ƙara ja baya za a tarar da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820, yana rubuta hanyoyin warware lissafi daki-daki, shi ma ya ɗauko lambobi daga Indiyawa ya ɗora a kai. Kowace al'umma ta sa hannunta.

Kuma akwai hannun da ba a cika faɗa ba, shi ne namu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka yi yaƙi a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945, 'yan Arewa ne da yawa a ciki har Hausa ta zama harshen bariki. Sannan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos, aka dinga kwasar mutane daga garuruwan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna, mutane da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Kuzar nan da ita ake yin dalmar da ke liƙe wayoyin rediyo da kayan lantarki. Har gobe kuma ba a daina ba, ma'adinan da ke cikin wayoyinmu da batiranmu irin su koltan da kobalt da yawansu daga Kwango ake haƙo su cikin wahala. Don haka in jikanku yana ba da labarin kwamfuta, ku ce masa ya sa kakansa a ciki, kuma don Allah ku zaunar da shi ya naɗi duk abin da kuka riƙe na labarin Bama a wayarsa, irin wannan tarihin ƙarewa yake yi.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce a Bajoga, na sayi laftof sakan-han mai shagon ya zuba min Office da antibairos duk kyauta, amma yanzu kullum tana rubuta min wai a kunna lasisi, wani ya ce in kashe antibairos ɗin in sa wata 'yar manhaja za ta gyara. In yi?

AMSA: Malama kar ki yi. Duk manhajar da sharaɗinta shi ne sai kin kashe mai gadi kafin ta shigo, to ki tsaya ki yi tunani. Ba duka ne ke ɗauke da cuta ba amma ba ki da hanyar tantancewa, kuma ta nan ake cusa masu satar kalmar sirri da masu kulle fayil su ce sai an biya. Wata matsalar kuma masu zuba irin wannan sukan kashe sabuntawar Windows don kar a gane, wannan ya fi komai haɗari. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu ƙasashe sama da 150 ta kulle kwamfutoci har da na asibitocin Ingila, tana neman dala 300, alhali Microsoft sun riga sun fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama.

Aikinki jarrabawa ne da sakamako da lesin not, to ki sauke LibreOffice a madadin Office ɗin, kyauta ce ta halal tun 2010 ake yinta, tana buɗe fayil ɗin Word da Excel kuma tana ajiyewa a tsarinsu, sai dai wani lokaci tebur ko layi ya ɗan goce, in za ki kai bugawa ki mayar da shi PDF tukuna. Wancan antibairos ɗin na sata ki cire shi, in Windows 10 ko 11 ce da ke akwai nasa antibairos ɗin mai suna Defender a ciki kuma ya wadatar. Ki dinga kwafe aikinki a filashi duk ƙarshen mako.

TAMBAYA: Ina rubuta gajerun labarai na Hausa a waya, daga Tudun Wadan Gombe. Yaya zan samu haruffa masu lanƙwasa, kuma me ya sa in na tura wa wasu sai su ce akwati suke gani?

AMSA: Madalla 'yar'uwa, Allah ya ƙara basira. In Gboard, wato madannan rubutu na Google, kike amfani da shi ki shiga saitin harsuna ki ƙara Hausa, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ, in ba ki gan su a fili ba ki danne k ko d ko b ki riƙe za su fito. Haruffan nan suna cikin tsarin Unicode wanda aka fara a 1991 don kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa, saboda haka laifin ba naki ba ne, wanda ya ga akwati to salon rubutun da ke na'urarsa ne ba a zana masa su ba. A kwamfuta ki zaɓi irin su Noto Sans ko Charis SIL ko sabon Times New Roman, in za ki kai wa mai buga littafi ki ba shi PDF don kar injinsa ya canza miki. Kuma ki daure ki dinga sa su ko da ƙawaye na cewa ɓata lokaci ne, Google Translate ta sa Hausa tun ƙarshen 2013 kuma duk irin waɗannan injunan daga abin da muke rubutawa suke koyo, in mun rubuta daidai su ma su koyi daidai.

Masu tambaya a kan hasken sola da batirin laftof, da ɗan'uwanmu na Misau da ya tambayi dalilin katsewar intanet ta watan Maris na 2024 lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ku yi haƙuri fili ya cika, naku ne farko a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.